Sanduna Bakwai

Litinin, 5 ga Mayu

Mun fara duba takardun gasar lissafi yau. Mu shida a ɗakin taro na saman bene, fanka ɗaya ce ke aiki, ita ma sai ta ga dama. Takarda ɗari huɗu da 'yan kai, gurbi goma kacal a kwalejin kimiyya. Babu suna a kan kowace takarda, lamba ce kawai, don kada wani ya yi wa ɗan ajinsa alfarma.

Baba ne ya tsara tambayoyin kamar kowace shekara, kuma wannan ce ta ƙarshe. Ran Asabar za a yi taron sallamarsa, ran Litinin da safe a kafe sunayen waɗanda suka ci. Ni aka ba tambaya ta shida. Ina buɗewa na yi dariya ni kaɗai. Sanduna Bakwai! Dama na san ba zai tafi bai yi ban kwana da ita ba.

1,111,111. Ko daga barci aka tashe ni zan iya maimaita yadda yake koyar da ita. Ya rubuta sanduna shida a allo, 111,111, ya ce wannan 'yar kowa ce: uku ta raba ta, bakwai ta raba ta, sha ɗaya, sha uku, talatin da bakwai, kowa ya zo ya yanki rabonsa babu saura. Sai ya juyo ya kalli aji, ya ƙara sanda ɗaya a hankali. “To, yanzu mai ƙarfi ya zo ya gwada.” Biyu ta zo, saura ɗaya. Uku ta zo, saura ɗaya. Biyar, bakwai, sha ɗaya, sha uku, duk saura ɗaya. Daga nan ya buga tebur ya ce babu abin da ke raba ta sai ɗaya da ita kanta, kuma shi da hannunsa ya gwada ta da lambobi marasa rabuwa guda ɗari da saba'in da bakwai, daga biyu har 1,051, ba a buƙatar wuce nan. Tana shafi na arba'in da ɗaya a ɗan littafinsa da kowace makaranta ke amfani da shi. Har sunansa ta cinye, tsofaffin ɗalibansa Malam Sanduna suke ce masa.

Tambayar: shin akwai lambar da ke raba ta, a kawo hujja. Maki goma. Aiki mai sauƙi, kowa shafi na arba'in da ɗaya ya zubo. Na yi takarda casa'in kafin a tashi.

Talata, 6 ga Mayu

Bari in rubuta abin da ya faru yau.

Wajen sha ɗaya na rana na ɗauko takarda mai lamba 318. Na ji ta da nauyi, an maƙala mata ƙarin shafi huɗu. Rubutu ƙanana kamar an watsa ƙwayar barkono, rabawa bayan rabawa, 17, 19, 23, 29, har ƙasa. A raina na ce wannan wane irin wahalalle ne, ba a sayar da littafin Baba a unguwarsu? Har na ɗora jan biro zan ja sifiri, sai idona ya faɗa kan layin ƙarshe.

“Tana rabuwa. 239 sau 4,649.”

Na yi tsaki. Na juya bayan takardar shara na ninka don in ga inda yaron ya ɓata. Sanduna bakwai suka fito reras. Na sake. Na ciro waya a ƙarƙashin tebur kamar mai satar amsa na danna. 1111111.

Daƙiƙa goma. Abin da zai ɗauki mutum ke nan ya tabbatar, in ya san inda zai duba. Shekara goma sha takwas ina tsayawa gaban yara ina buga tebur kamar yadda Baba ke bugawa, ban taɓa gwada ko ɗaya da kaina ba bayan sha uku.

Na tura takardar can ƙasan tarin, ban sa mata maki ba. Ban gaya wa kowa ba. Malamin da ke gefena ya ce ko zazzaɓi ne, na ce fanka ce.

Da yamma na gaya wa Abban yara. Yana zaune a tsakar gida yana warware wayoyin aikinsa, bai ko ɗago ba ya ce, “To ai sai a gyara.” Na ce kai ka san mene ne wannan lambar a wajen Baba? Ya ce shi dai a aikinsu na wuta, ko ubansa ne ya ce an kashe layi, sai ya sa abin gwaji kafin ya taɓa. Na ce masa ba wa'azi na zo nema ba. Ya ce, “Allah ya huci zuciyar Malama,” ya ci gaba da wayoyinsa. Haushinsa nake ji, don gaskiya ya faɗa.

Laraba, 7 ga Mayu

An haɗa maki na wucin gadi. 318 na da sittin da ɗaya, na goma sha huɗu. Na goma a jerin yana da sittin da shida. Tambayar ƙarshe ma 318 bai taɓa ta ba, lokacinsa duk ya ƙare a rabawa. Ban san namiji ne ko mace ba. Na dai san ya yi rabawa hamsin da biyu a ɗakin jarrabawa, babu na'ura, yana kallon agogo, kuma shi kaɗai ne ya faɗi gaskiya cikin mutum ɗari huɗu.

Na samu Shugaban kwamiti a ofishinsa bayan an tashi. Ɗalibin Baba ne shi ma, har yau in Baba ya shigo tsaye yake miƙewa. Na ajiye masa takardar, na ce, “Yallaɓai, ninka waɗannan biyun.” Ya ninka. Ya cire tabarau ya goge, ya sake ninkawa. Sai ya tashi ya rufe ƙofa.

“Wa ya gani bayan ke?”

Na ce babu.

Ya ce na san ƙa'ida. Ba a taɓa takardar amsoshin da muke bi wajen ba da maki sai wanda ya tsara tambaya ya rubuto da hannunsa cewa ya yi kuskure, ya sa hannu, a haɗa da jerin sunaye a aika hukuma. Shi Shugaba ba shi da ikon ƙara ko rabin maki. “Malama, mutumin nan kwana uku ya rage masa. An gayyaci mutum ɗari uku. Ga hawan jini. Ke 'yarsa ce, ke za ki kai masa wannan?”

Na ce to yaron fa?

Ya ce yaro ya sake gwadawa baɗi. Na ce ai 'yan ajin ƙarshe ne, babu baɗi. Sai ya ce takardun nan wata uku ake ajiye su a ƙona. Bai ce in ja sifiri ba. Wayo gare shi, ya dai turo mini jan birona da na bari a teburinsa.

A bakin ƙofar makarantarmu Mai-gilashi ta tare ni, yarinyar da ta fi kowa a ajina. Tana murna wai Sanduna Bakwai ta fito, ta rubuta kamar yadda na koya musu, ko waƙafi ba ta bari ba. Na ce Allah ya ba da sa'a na wuce da sauri.

Alhamis, 8 ga Mayu

Na je gida bayan aiki da niyyar faɗa. Tun a mota nake shirya maganar. “Baba, ko dai ni ce ban gane ba...” Da haka nake fara kowace magana da shi tun ina 'yar firamare. Ko gishiri ne ya yi yawa a miya sai na ce ko dai bakina ne.

Na same shi a baranda yana gwada jawabinsa na Asabar, Inna na zaune tana gyara masa maɓallin riga, ita ce masu sauraro. Yana ganina ya ce, “Uwata! Zo ki ji wannan wurin.” Wurin Sanduna Bakwai ne. Wai mutum ya zama kamarta, duk wanda ya zo ya raba shi ya tarar da saura. Inna ta ce sau biyar ke nan tana ji yau, har ta iya. Ya ce ina takardu, akwai mai kai a cikinsu? Na ce akwai. Ya ce madalla. Na sha shayi, na yaba rigar, na auna masa jini. Ɗari da sittin a kan casa'in da biyar. Na fasa faɗa.

Da ya shiga alwala na tambayi Inna ina tsohon littafinsa mai baƙin bango, wanda ya yi rabawar a ciki. Ta ce yana cikin akwatin ƙarfe ƙarƙashin gado, me zan yi da shi? Na ce jawabi zan ɗan tsara. Ta kalle ni irin kallon nan nata, ta ciro ta ba ni ba ta ƙara tambaya ba.

In faɗi gaskiya tunda babu mai karanta wannan: da fushi na ɗauko shi. Ina so in ga wurin da ya yi kuskuren da idona. Mutumin da ya taɓa mayar da ni aji ina kuka saboda na manta rubuta alamar = a lissafi, mutumin da bai taɓa cewa “ban sani ba” a gabana. Ina so in sa yatsa a kan layin in ce ga shi nan, kai ma mutum ne.

Na buɗe a kan teburin kicin kafin in ɗora abinci. Rubutunsa tsaf, tawada shuɗiya, 101, 103, 107, kowace da saurarta an ja mata layi. Na yi ta juyawa. 197. 199. Na juya shafi.

Fensir. Rubutu ƙato-ƙato mai kumbura, tara da wutsiya a lanƙwashe. Na san wannan tarar, har yau haka nake yin ta.

Sai abin ya dawo mini gaba ɗaya. Dogon hutu, ina shekara goma sha biyu. Ya ce tunda na iya doguwar rabawa in taya shi, ya ba ni daga 211 zuwa 293. Ina jin kaina kamar an naɗa ni sarauta. Ƙawayena suna waje suna tsallen igiya suna kiran sunana.

239. Komai daidai har matakin ƙarshe. Saura 2,151, a raba da 239. Tara. Tara sau 239, na rubuta 2,141. Tara sau tara tamanin da ɗaya, a ajiye ɗaya a ɗauki takwas, ni kuwa bakwai na ɗauka. Saura goma, na ja layi. A gefe ga alamar daidai da jan biro, babba, irin tasa.

Shinkafar ta ƙone. Abban yara ya shigo ya kashe wuta, ya kalli littafin, ya kalle ni, wannan karon bai yi wa'azi ba.

Juma'a, 9 ga Mayu, da safe

Shafi ɗaya ne. In na yage shi babu wanda zai sani, ko Baba ya manta wa ya yi wanne. Na riƙe gefensa har ya fara tsagewa wajen zare. Na ji kunyar kaina na rufe.

Ina tsoro. Ba jininsa kaɗai ba, kar in yi wa kaina ƙarya. Ina tsoron fuskarsa.

Juma'a, da yamma

Na faɗa.

Kafin in tafi Shugaba ya leƙo ɗakin taro ya ce duk takardu su kammala yau. Na ce saura ɗaya. Ya ce ya sani. Na sa 318 a jakata, abin da doka ta hana, na fita.

Baba na baranda. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye takardar a kan cinyarsa na buɗe shafin ƙarshe. Na fara, “Baba, ko dai ni ce...” sai na ji ba zan iya ƙarasawa ba, don na san na gane sarai. Na ce, “Baba, ka ninka.”

Ya karanta. Ya yi murmushi irin na wanda yaro ya kawo wa wasa. Na miƙa masa waya ya ture ta, ya ce a ba shi takarda. Ya ninka da hannu, layi uku, ya haɗa. Na ga biron ya tsaya a sanda ta bakwai. Ya sake daga farko, wannan karon ya juya, 4,649 a ƙasa. Inna ta fito da tire ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta ajiye ba ba ta koma ba.

“Ba zai yiwu ba,” in ji shi. “Na gwada ta. Duk na gwada su.” Muryarsa ta ɗaga. Ya ce a kawo masa littafinsa, yanzu-yanzu, wa ya taɓa masa akwati?

Na ciro daga jaka na buɗe masa wurin. Na ce, “Ni ce, Baba. Bakwai na ɗauka maimakon takwas.” Kuka ya ƙwace mini, mace mai shekara arba'in da uku, a gaban takardar jarrabawar ɗan wani.

Ya daɗe yana kallon shafin. Ya sa yatsa ya bi fensirin layi-layi. Sai ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, “Jan biron na wa ne?”

Na share hawaye da gefen mayafi.

“Tambayarki nake. Na wa ne?”

Na ce nasa.

Na gaya masa ƙa'idar, sai da takarda daga hannunsa kafin Litinin da safe, in ba haka ba yaron ya rasa gurbi. Ya ce shi ya rubuta ƙa'idar, ba sai an karanta masa ba. Ya miƙo mini 318, ya ce in mayar da ita inda na ɗauko tun kafin a kore ni a aiki. Littafin kuma ya rungume shi. “Je ki gida.”

Bai ce zai rubuta ba. Bai ce ba zai rubuta ba. Inna ta raka ni zaure ta ce, “Kin kyauta ko ba ki kyauta ba, sai gobe ma ji.” Ta kira ni bayan magariba, wai bai ci abinci ba amma ya sha magani, yana zaune da littafin.

Asabar, 10 ga Mayu

Ɗakin taro ya cika har waje. Likitoci, injiniyoyi, tsofaffi masu furfura suna ce masa Malam suna rusunawa. A bangon gaba an rataya ƙyalle, sanduna bakwai kowace tsawon mutum. Na zauna a layi na biyu kusa da Inna. Tun da muka iso bai kalli inda nake ba.

Jawabai takwas, biyar sun ambaci lambar. Wani ya ce ita ta sa ya zama abin da ya zama. Shugaba ya miƙa masa allon katako mai sheƙi, an zana 1,111,111 da ruwan zinariya, a ƙasa an rubuta “Ba ta rabuwa.” Ya miƙa yana kallon ƙasa. Na ce a raina shi ke nan, an rufe maganar da katako.

Baba ya tashi. Ya ajiye takardar jawabinsa a kujera, ya ce a jawo masa allon da ke lungu, da alli. Mutane suka fara tafi, sun ɗauka darasin nan za a yi na ƙarshe. Ya rubuta 4,649, a ƙasa 239, ya ja layi. Allin ya karye sau ɗaya.

“Duk wanda na taɓa koyarwa a nan ya ciro biro. Ban ce waya ba.”

Dariya. Aka shiga neman biro, ana rubutu a bayan takardar gayyata. Sai dariyar ta fara mutuwa layi-layi, daga gaba zuwa baya. Wata mata a bayana ta ce, “Innalillahi.” Wani ya ce a'a, bari ya sake.

Ban riƙe duk abin da ya faɗa ba. Na dai ji wannan: “Shekara talatin da ɗaya ina koya muku abin da ba haka ba ne. Akwai layi ɗaya da ban duba ba na sa masa hannu. Ku kuma ba ku duba ni ba. Wani yaro da ban sani ba, da alama bai da littafina, shi ya duba.” Sai ya ciro ambulan mai ɗauke da takardar da ƙa'ida ta nema daga aljihu ya miƙa wa Shugaba a gaban kowa, ya ce a karɓa a rubuta lokaci.

Bai ambace ni ba. Na yunƙura zan tashi, wallahi na yunƙura, Inna ta danne cinyata da hannu ta ce ƙasa-ƙasa, “Zauna. Ranarsa ce.”

Tafin da aka yi bai kai na farko ba. Wasu sun tashi tsaye, wasu sun kasa haɗa ido da shi. A bakin ƙofa na ji wani babban mutum na cewa tsufa ne, da sun sani da ba su bar shi ya yi magana ba. Na juya zan ba shi amsa Abban yara ya ja ni.

A mota na ce, “Baba, me ya sa ba ka ce ni ce ba?” Yana kallon taga ya ce, “Shekararki goma sha biyu.” Jininsa ɗari da saba'in.

Lahadi, 11 ga Mayu

Mun sake makin tambaya ta shida, mu shida, babu mai hira. Duk wanda ya ce ba ta rabuwa ya rasa huɗu. 318 goma cif. Na rubuta ta da ƙarfi har biro ya huda takardar.

Litinin, 12 ga Mayu

An buɗe ambulan ɗin sunaye, an kafe. 318 ta zo ta uku. Yarinya ce, daga makarantar nan ta ƙarshen layin mota wadda ba su da malamin lissafi tun bara, malamin kimiyya ke riƙe musu.

Wadda ta sauka daga ta goma zuwa ta goma sha ɗaya Mai-gilashi ce.

Ban sani ba, wallahi ban sani ba, lamba ce kawai a wajena. Da na sani me zan yi? Ba na son wannan tambayar.

Ta same ni a ɗakin malamai. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta ce, “Malama, abin da kika koya mana na rubuta.” Na ce haka ne. Ta tsaya tana jiran in ƙara wani abu, in ce hukuma ce, ko littafi ne. Na ce laifina ne, tun daga tushe, kuma ta yafe mini. Ta gyara gilashinta ta fita, ba ta ce ta yafe ba.

Alhamis, 15 ga Mayu

Mai-gilashi ta koma bencin baya. Na rubuta wa kwalejin takarda ko wani zai fasa zuwa, sun ce za su duba. Na san wannan “za mu duba”.

Mutum uku kawai suka kira Baba tun Asabar. Da, wayarsa ba ta hutawa. Allon zinariyar Inna ta tokare ƙofar kicin da shi, wai iska na damunta.

Asabar, 24 ga Mayu

Mun je gida da Abban yara. Na tarar Baba ya baje ɗan littafin nasa a tebur, ya yage shi gida biyu daga tsakiya. Wai za a sake bugawa, kuma babu layin da zai shiga sai mutum biyu sun duba. Ya ba ni rabi ya ɗauki rabi, in mun gama mu musanya. Na ce ga waya, minti biyar ta gama. Ya ce in yi da waya in na ga dama, shi zai bi bayan wayar.

Ya rame. Amma ya ci abinci, har ya nemi ƙari.

Ya nuna mini abin da ya tono a makon nan. Wai duk lamba marar rabuwa da za ta raba sanduna bakwai dole in an cire mata ɗaya sha huɗu ta raba ta, don haka da mun sani, 29, 43, 71, 113, 127, 197, 211, ta takwas ita ce 239. Rabawa takwas, ba ɗari da saba'in da bakwai ba. Yana faɗa idonsa na ƙyalli kamar ba ita ta kunyata shi ba. Ya ce yana so a kai shi makarantar ƙarshen layi ya nuna wa yarinyar nan, ta sha wahalar banza. Na ce Laraba. Zan tambayi Mai-gilashi ko za ta bi mu. Mai yiwuwa ta ƙi.

Mun musanya wajen la'asar. Ya kama ni da kuskure biyu, ya zagaye su da jan biro yana jin daɗi. Ni na samu ɗaya a shafi na goma sha biyu, na ce, “Baba, nan ba daidai ba ne, sake.” Ya leƙa, ya yi gyaran murya, ya gyara.

Sai a mota Abban yara ya ce wai bai ji “ko dai ni ce ban gane ba” yau ba. Na ce mantawa na yi, ya kalli hanya. Saura shafi talatin da shida, kuma ban saya wa yara sabulu ba.